Yanka da huda murfin gilashin roba na ƙaramin jirgi: wa ya taɓa yi a yanayinmu?

Mai haɗa jirgi, Fadaman Mada

Assalamu alaikum. Muna haɗa ƙaramin jirgi mai kujera biyu, irin wanda ake sayen sassansa cikin akwati a harhaɗa da hannu. Aiki ya iso kan murfin da ke rufe matuƙi. Gilashin roba ne, akirilik, an busa shi ya yi ƙoƙo, kaurinsa bai kai milimita 5 ba. Firam ɗin bututun ƙarfe ne, mai zamewa baya. Saura a rage gefuna, a raba murfin biyu, gaba mai tsayawa da baya mai zamewa, sannan a ɗaure shi. Guda ɗaya ne tak, in ya tsage sai an yo odar wani daga Amurka, ga shi kuma muna tsakiyar hunturu. Duk wanda hannunsa ya taɓa wannan aiki, a jirgi ko a wani wuri, don Allah ya faɗa mana abin da ya gani.

Tsohon makanikin jirgi, Yelwa

Wa alaikumus salam. Allah ya yi albarka, ɗana. Aikin ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Air Beetle da sojan sama suka koyi tuƙi da shi, daga tsarin RV-6A na kamfanin Van's aka samo shi, kuma a Kaduna aka harhaɗa wajen guda 60 a shekarun 1990.

Abu na farko, kada ka taɓa shi da safe. Akirilik mai sanyi gautsi gare shi. Da asuba a wannan wata sanyin Bauchi kan sauka ƙasa da digiri 15, kai kuwa kana son robar kanta, ba iskar ɗaki kawai ba, ta haura digiri 25. Ka bari sai bayan azahar, ka rufe ƙofa, ka sa bayan hannunka a jikinsa ka ji ɗumi tukuna.

Zarto kowane iri ka ajiye shi, na hannu da na lantarki. Haƙorinsa cafko robar yake yana fizga. Da siririn faifan yanka ake yi, a ƙaramin inji mai gudu. Ka liƙa tef a layin, ka zana a kan tef ɗin. Zagayen farko tsagi kawai za ka yi, kamar milimita 1, sai ka dawo ka zurfafa, a na uku ko na huɗu ya rabu. In ka tsaya wuri ɗaya robar za ta narke ta kama faifan. Duk taƙi ɗaya da ka raba, wani ya bi bayanka da tef mai ƙarfi yana haɗe yankan sama da ƙasa, don kada nauyin ɓangaren da ya saki ya ƙarasa yankan da kansa ta inda ya ga dama.

Wanda mutane suka fi yi wa ganganci shi ne wannan: kana gama yanka, kafin a ɗaga murfin ko da sau ɗaya, a goge bakin. Sanfefa mai lamba 80 a kan katako, sai 150, sai 220, har 400, ana bin tsawon bakin ba a gicciye ba, sai yatsa ya bi bai ji ƙaiƙayi ba. Bakin da ba a goge ba kamar atamfa ne da aka ɗan tsaga wa baki, ja kaɗan take jira. Yawancin murafan da na ga sun tsage ba a kan injin suka tsage ba, wajen ɗagawa ne a kai su gwaji.

Kuma a rage kaɗan-kaɗan. Duk yankan da aka yi, murfin yakan ƙara zama a kan firam, layin da ka zana jiya ya tashi daga wurinsa.

Mai allon talla, Wunti

Baba ya gama magana a kan yanka. Ni jirgi ba layina ba ne, amma wannan roba kullum ita muke hudawa.

Bakin dirili na ƙarfe shi ne maƙiyinta. Yana shiga lafiya, sai ya zo fita ta baya ya cafke, ya ja kansa ciki, ka ga tsaga ta fito daga ramin kamar tauraro. Akwai baki na musamman mai tsini, kusurwa 60. In babu shi, ka ɗauki na ƙarfe ka goga kaifinsa biyu a dutsen wasa su yi tsaye, ya koma kankara maimakon yanka. Za ka gane ya yi daidai in yana fitar da zare biyu masu laushi, ba gutsattsari ba. Ka tokara katako a baya, kada ka danna, kuma ka ƙara sassautawa daf da fita. Wajen faɗaɗa rami kuwa, baki mai hawa-hawa ya fi komai, ba ya cafka.

Yankakkun da suka faɗo daga murfin, kada a zubar. Ka huda ramuka 20 ko 30 a jikinsu kafin ka je kan na gaske. Kada ka yi gwaji da wadda muke saya a kasuwa ka ce ka iya, sau da yawa ba irinsu ɗaya ba, yadda suke karɓar dirili ya bambanta.

Sai gargaɗi ɗaya daga sana'armu. Mukan bi bakin allo da harshen wuta don ya yi sheƙi. Oga, kada wani ya ba ka wannan shawara a kan jirgi. Wutar tana barin bakin a ɗaure, daga baya ko ɗan sinadari ya taɓa wurin sai ya yi ƙananan tsage-tsage.

Injiniya, Gwallameji

Bari in sa lissafi a maganar. Akirilik mai tsawon mita 1 yana ƙaruwa da kusan milimita 0.07 a kowane digiri. Tsakanin asubar Janairu da ranar Afrilu a filin jirgi, bambancin digiri 30 ƙaramin abu ne. Ke nan robar za ta motsa milimita 2.1, bututun ƙarfen da ke riƙe da ita kuwa bai kai 0.4 ba. Ko alminiyam ne, kusan 0.7 zai yi. Wannan rata dole ta sami wurin zuwa, in ba ta samu a ramin ba za ta nema a jikin robar.

Shi ya sa ramin roba yake fin sukurun faɗi. Sukuru mai kaurin milimita 3.5, a yi masa rami kusan 4.8, wasu ma sukan zura guntun tiyo mai laushi a ciki. A kankare bakin kowane rami da hannu, ciki da waje. A ɗaure sukuru har ya zauna, sannan a ɗan warware shi, washa ta iya juyawa da ƙyar. In ribit, wato ƙusar da ake ja ta kumbura ta baya, tsarinku ya ce, na alminiyam mai laushi, a ja da hannu a hankali.

Wurin ramin ma da dabara. A liƙa farin tef a kan bututun, a ɗora murfin a danna kaɗan, za a ga siririn layi inda suka haɗu. A kan wannan layin ake hudawa, a miƙe. In rami ya kauce gefe, sukurun zai riƙa lanƙwasa robar muddin yana wurin. A fara daga tsakiya a nufi gefuna, hagu ɗaya dama ɗaya. Kuma in firam da murfi ba su dace ba, firam ake lanƙwasawa har ya bi murfin. Ba a matse roba ta bi ƙarfe.

Mai haɗa jirgi, Fadaman Mada

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Injiniya, wasu sun ce a bar huda gaba ɗaya a liƙa da gam. Yaya kuke gani?

Mai aikin faiba, Railway

Ni ina bayan gam, Malam, saboda babu rami, babu inda tsaga za ta faro. Wanda aka saba da shi Sikaflex 295 UV ne, tare da ruwan goge wurin da baƙin share-fagensa. Amma ba a liƙa roba ta manne da ƙarfe. Kaurin gam ɗin shi ne ke shanye motsin da Injiniya ya lissafa, don haka a bar rata ta aƙalla milimita 3. Guntayen tiyon ban-ruwa, a tsaga su a sa a kan bututun, suna yin aikin. A ɗiga gam a tsakaninsu, a bari ya kama, a zare tiyon, sannan a cike sauran.

A kewaye wurin da baƙin tef na masu wayarin, a kankare inda za a liƙa kawai. Baƙin share-fagen nan in ya ɗiga a inda ba a so, ya zauna ke nan. A cire tef tun gam yana ɗanye, in ya bushe zai yage bakin.

Abin da takardar ba za ta tuna maka ba: da danshin iska wannan gam yake bushewa. A hunturu danshi kan yi ƙasa da kashi 20 cikin 100, sai ka ga sama ya yi fata, ciki ɗanye. A yayyafa ruwa a daɓen ɗakin, a ajiye baho, a ba shi mako guda kafin a motsa. A duba kwanan watan da ke jikin kwalin ma, kayan da suka daɗe a hanya cikin zafi ba abin yarda ba ne.

In ka zo yin faibar da ke rufe gindin gilashin gaba, da ifoksi za ka yi. Ruwan faiban da muke gyaran bamba da shi yana cin akirilik.

Tsohon makanikin jirgi, Yelwa

Gam yana yi, ban musa ba. Sai dai sukuru ana ganinsa, ana taɓa shi a san lafiyarsa. Gam kuwa in an yi sakaci wajen share fage, ba mai sani sai ranar da ya saki, kuma iska a sama ɗaga murfin nan take yi. In takardun kamfanin da ya ƙera sassan jirgin sukuru suka ce, kada ka canza sai ka tuntuɓe su, ka kuma sanar da wanda zai duba jirgin daga NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, tun kafin ka liƙa.

Mai kula da jirage a fili, hanyar Ningi

Nawa na bayan an gama ne, amma tun yanzu ya shafe ku. Ledar kariyar da ta zo a jikinsa a bar ta, a ɗaye bakin da ake aiki kawai. Sai dai kada rana ta gasa ta, ita da farin tef, in sun ƙone a jiki fitarsu wahala ce. Ragowar danƙon tef, kananzir kaɗan a tsumma mai laushi, a bi da ruwa da sabulu.

Tina, asitom, fetur da ruwan goge gilashin mota mai amoniya, kada su kusance shi. Haka ruwan nan ja ko shuɗi da ake ɗigawa a zaren noti don kada ya kwance. Ɗigo ɗaya a sukurun murfi, bayan kwanaki za a ga tsage-tsage sun kewaye ramin. A sa noti mai roba a ciki.

Ƙurar hunturu kuwa kada a share ta a bushe, ko da hannun riga. A kwarara ruwa, a bi da tafin hannu, sannan tsumma mai laushi, ana ja daga gaba zuwa baya. Goge-goge a zagaye shi ke sa matuƙi ya kasa ganin titin sauka in ya fuskanci rana da la'asar. Rigar da ake lulluɓa masa ma, in ƙura ta shiga ƙarƙashinta iska tana kaɗa ta, gara babu.

Mai allon talla, Wunti

In Allah ya ƙaddara ta tsage, a tsaya nan take, kada a ɗaga. A haska tocila ta gefe a nemo ainihin ƙarshen tsagar, yakan wuce inda ido ya fara gani. A huda rami na milimita 3 a daidai ƙarshen, a kankare bakinsa. Sannan a ɗiga gam ɗin akirilik mai kama da ruwa da sirinji, shi zai bi tsagar da kansa. A liƙa tef a ƙasa tukuna, don duk inda ya gangara sai ya bar tabo. In tsagar ta tsaya a gefen da ƙarfe zai rufe, ana iya ci gaba da aiki. In ta shigo inda matuƙi ke kallo, ku ɗauki hoto ku aika wa kamfanin da ya ƙera sassan jirgin kafin ku ƙara huda ko rami ɗaya.