Ni da maigidana duka AS ne, ɗanmu na fari SS: shin masu zuwa sun tsira?

Uwar ɗa ɗaya:
Assalamu alaikum. Ba mu san cewa ni da maigidana duka AS ne ba, wato muna ɗauke da ƙwayar sikila amma ba mu da ciwon, sai da ɗanmu ya fara kumburin hannu da ƙafa yana wata 8, aka gwada shi aka ce sikila ne, wato SS. Dangin maigida suna cewa daga wajena ciwon ya fito, wata ƙawata kuma ta ce tunda ɗaya cikin huɗu ake samu, 'ya'ya uku masu zuwa sun tsira. Don Allah wanne ne gaskiya?

Malamin kimiyya:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ba yaro lafiya. Maganganun nan biyu duk kuskure ne. Kowane ɗa yana gadon ƙwayar halittar jini guda biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, don haka ba yadda za a yi yaro ya zama SS sai ya karɓi S, wato ƙwayar sikila, daga gare ki, ya kuma karɓi wata daga mahaifinsa. Dangane da lissafin ƙawarki, ɗaya cikin huɗun nan yana kan kowane ciki ne shi kaɗai: kashi 25 cikin 100 SS, kashi 50 AS, kashi 25 AA, wato wanda bai gaji S ba ko kaɗan. Cikin da ya gabata ba ya rage wa na gaba komai, shi ya sa ake samun gidan da 'ya'ya uku a jere duk sikila ne, wani gidan kuma babu ko ɗaya.

Ma'aikaciyar jinya:
Ƙanwata, abin da ke damuna shi ne yadda ake ɗora wa uwa laifi, alhali shi kansa uban daga iyayensa ya gada. Ki riƙa kai yaron asibitin sikila, ya sha ruwa sosai, ya kwana cikin gidan sauro, kuma da zarar zazzaɓi ya kama shi kada ki jira gari ya waye. Duk jaririn da kika haifa nan gaba a gwada shi da wuri.

Uwar ɗa ɗaya:
Na gode ƙwarai. Zan nuna wa maigida wannan bayani, domin shi ne ya fi dacewa ya fahimtar da mahaifiyarsa.