Ƙanena yana da idon launi: rini ko fentin mota?

Abban Khadija:
Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena ya gama sakandare bana, zancen jami'a kuma ba yanzu ba. Yaron yana da ido: ko atamfa yayyenmu mata suka saya, shi ake kira ya zaɓi mayafin da zai hau. Baba yana so a kai shi marina, ni kuwa hankalina ya fi kwanciya da fentin mota. Masu sana'ar, don Allah a ba mu shawara.

Marinin Kura:
Wa alaikumus salam. Ka fara tambayar Baba wane rinin yake nufi. Akwai na karofi, irin na Ƙofar Mata a Kano: ganyen baba da toka da kanwa, a bar su kwanaki su tsumu. Tufa takan fito kore-kore, sai ta sha iska take komawa shuɗiya, kuma yawan tsomawa ne ke ƙara mata duhu. Mu nan Kura turkuɗi muka gada, a rina, masu bugu su buge shi ya yi ƙyalli, Buzaye su saya. Amma kasuwar ta ja baya, ba zan ɓoye maka ba.

Abinci yanzu yana rinin shadda da kalar zamani. A kawo maka ɗan ƙyalle a ce anko ne, mutum talatin, kowa tasa ta fito iri ɗaya. Jiƙaƙƙiyar shadda ta fi busasshiya duhu, wanda bai san haka ba zai tsame da wuri, ta bushe ta koma fayau, ya biya kayan mutane. Sodar da ake haɗa rinin da ita kuma tana cin hannu, dole safar roba.

Oga Fenta:
Yallaɓai, kawo shi wajenmu. Masu feshi sun yi yawa, mai haɗa kala ne ke wuya. Kowace mota da lambar fentinta, galibi a jikin ƙofa ko ƙarƙashin bonet, amma rana ta riga ta ci kalar, lamba kaɗai ba ta isa. Shi ya sa muke cire murfin tanki mu kai wa mai haɗi, ya gwada a hasken rana, ba ƙarƙashin ƙwan lantarki ba. Silba ta fi kowace ba da wahala. Ya riƙa sa takunkumi saboda tina, sinadarin da ake tsinka fenti da shi.

Maman Ilham:
Kafin komai a gwada idonsa a asibiti, da katin nan mai ɗigo-ɗigo da lamba a ciki. Wasu mazan ja da kore na rikice musu, ba su ma sani ba.

Abban Khadija:
Na gode ƙwarai. Oga Fenta, shekara nawa yaro ke yi kafin a bar shi ya haɗa da kansa?