Shawarwari kan Mitar Ruwa da Kuɗinta

Mahalarta wata tattaunawa kan mitar ruwa da kuɗinta sun haɗu a kan cewa a yawancin birane mitar ruwa mallakar hukumar ruwa ce, saboda haka mai gida ba shi da hurumin cire ta ko ɓalle hatiminta, domin hakan yana jawo tara ko yanke ruwa. Batun yoyo suka fi jaddadawa, kuma suna da gaskiya, tun da duk ruwan da ya zube bayan ya ratsa mita mai gida ne zai biya kuɗinsa. Sun ba da shawarar a rufe dukkan famfunan gida a duba mitar, idan lambobinta suna motsi, to akwai yoyo. Kuɗin kuwa yakan haɗa da tsayayyen kaso da kuma farashin kowace kubik mita, wato lita 1,000.