Titin tsere ba ya yin kore, ɗanye yake

Assalamu alaikum 'yan uwa masu bin tseren motoci na Formula 1. Akwai kalmar Turanci, "green track", da nake so mu tsayar mata da Hausa, na nemi shawararku a kanta kun kuma aiko, ga kuma abin da ya tayar da maganar.

Wata Juma'a muna kallon gwajin farko, wato atisayen da direbobi ke yi kafin tseren Lahadi, a shagon ƙanena da ke titin Gidan Zu, mai sharhi ya yi ta nanata "green track". Dattijon da ke faci a gefen shagon ya leƙo ya tambayi me ake cewa. Yaron shago ya ce, "Baba, wai titin kore ne." Baba ya ƙura wa talabijin ido, can ya ce, "Ɗana, ni dai baƙar kwalta nake gani." Kuma gaskiyarsa. Fassarar ba ta kai masa komai ba.

Ga abin da ake nufi. Tayar da ake tsere da ita idan babu ruwa ba ta da zane ko ɗaya, sumul take, robarta kuma mai laushi ce. Kamfanin Pirelli ne kaɗai ke kawo ta tun 2011. Idan ta ɗauki zafi takan riƙa barin robarta kaɗan-kaɗan a cikin ƙananan ramukan kwalta, musamman a wurin taka birki da cikin kwana. Safiyar Juma'a babu wannan robar, sai ƙura da dattin da ya kwanta, don haka motoci ke ta zamewa. Kafin yammacin Asabar za ka ga wani baƙin layi ya fito a inda kowa ke bi, mota kuma ta ƙara sauri ko da ba a taɓa mata komai ba. Shi ya sa a zagayen neman gurbi, inda saurin mota ke yanke wurin da za ta tashi ranar tsere, kowane direba ke son ya zama na ƙarshen fita. To wancan hali na farko, kafin roba ta kwanta, shi muke nema wa suna.

Na ga shawarwarinku, Allah ya saka. Wani ya ce "sabon titi". Ban karɓa ba, domin titunan Monako ana tsere a kansu tun 1929, amma duk shekara a wannan halin ake samunsu, tunda motocin gari ne ke binsu, har ma da dare a kwanakin tseren akan buɗe wa jama'a. Ga shi kuma mu a Kano, ka ce Sabon Titi, hankalin mutum Mandawari zai tafi.

Wata 'yar uwa ta ce "titi mai santsi". Yaya, santsi sakamako ne, bai faɗi dalili ba. Duk mai tuƙa adaidaita sahu ya san ranar ruwan farko, yadda ƙurar hunturu da baƙin man da ya ɗiga wata da watanni ke haɗuwa su zama kamar miyar kuɓewa a kan gadar Ƙofar Nasarawa. Wannan santsi ne. Ruwa santsi ne, man mota ma santsi ne. Muna buƙatar kalmar da za ta ware busasshen titi wanda roba ce kawai ba ta hau shi ba tukuna.

Wanda ya fi jan hankalina shi ne "gayan titi", kamar gayan tuwo babu miya. Na daɗe ina juya shi, don ya kama hoton sosai: kwalta tsurarta, ba mahaɗi. Inda ya gaza shi ne ba shi da abokin tafiya. Titin nan canzawa yake yi daga awa zuwa awa, muna kuwa son kalmar da za ta bi shi har ƙarshe.

Don haka ni na tsaya a kan "ɗanyen titi". Abin da Bature ya kira kore a nan ba launi ba ne, ɗanyantaka ce, irin ta mangwaron da bai kai ba. Mu ma haka muke cewa ɗanyen direba, ɗanyen aiki. Kuma ɗanye yana tafe da abokinsa: titi ya fara nuna, titi ya nuna. Robar da ta kwanta kuwa ai muna da sunanta tuntuni, danƙo. Kalma ɗaya ta ɗauki roba ta ɗauki manne. Titi ya yi danƙo, ka gama magana.

Wani Malam da ya ce ya yi aikin hanya shekaru ya kawo gyara mai nauyi. Ya ce a wajensu ɗanye yana nufin abin da bai bushe ba, kamar ɗanyen siminti, don haka mai ji zai ɗauka yanzu aka zuba kwaltar. Malam, na gode, domin wannan ya sa na gane abubuwa biyu ne, kowanne na son sunansa. A Nuwamban 2020, a filin Istanbul na Turkiyya, an sake shimfiɗa kwalta dab da tseren. Man cikinta yana ta tsattsafowa sama, manyan direbobi suna ta juyawa tun ranar Juma'a, sannan ruwa ya sauka a kai. Lance Stroll ne ya samu gurbin farko, Lewis Hamilton ya tashi daga na 6 ya ci tseren, ya ɗauki kambinsa na 7 na zakaran duniya. Wannan ita ce ɗanyar kwalta. Ɗanyen titi kuwa kwaltarsa tana iya shekara 20, danƙon ne babu. Duk ɗanyar kwalta ɗanyen titi ce, amma ba a juya maganar.

Sai wanda ya ce abin da ya nuna ba ya komawa ɗanye, alhali ruwan sama ɗaya cikin daren Asabar yana wanke danƙon nan a wayi gari an koma baya. Ɗan'uwa, ai muna cewa ciwo ya dawo ɗanye. Titi ma ya dawo ɗanye, kunne ba zai ƙi ba.

Abin da ke burge ni shi ne wahalar da ake sha kafin mota ta farko ta fito. Ranar Alhamis direbobi da injiniyoyi sukan zagaya titin a ƙafa, suna duba inda aka yi faci da inda kwalta ta yi tudu. Motocin shara suna bi suna tsotse ƙura. A Sakir ta Bahrain, inda aka fara tsere a 2004, har wani manne ake fesa wa rairayin da ke kewaye don kada iska ta kwaso shi, duwatsun cikin kwaltar kuma daga Ingila aka kawo su. Mu da muke share tsakar gida sau uku a rana da hunturu mun san wannan yaƙin. A titunan cikin gari kuwa murafan kwalbati akan yi musu walda ko a ɗaure su, domin iskar ƙarƙashin motar tana iya tsotso ƙarfe. A Las Vegas a 2023 murfi ɗaya ya ɓalle ya farfasa ƙasan Ferrari ɗin Carlos Sainz, aka tsayar da gwajin farko ba a yi minti 10 ba.

Saura guda biyu ƙanana. "Grip" ban wahala a kansa ba, don daga bakin Baba mai faci na ɗauka: idan taya ta cinye yakan ce ba ta kama ƙasa. To "kamun titi". Ƙulle-ƙullen robar da ke taruwa a gefen layi, waɗanda ke sa mota ta zame idan ta taka, wani ya ce kashin awaki, kamar kuwa ta yi, amma a rubuce na fi son "ɓarɓashin taya".

Na gwada su duka a jimla ɗaya na karanta wa Baba: titin ɗanye ne da safe, babu kamun titi, amma zuwa yamma zai yi danƙo in ba a yi ruwa ba. Bai nemi ƙarin bayani ba. Tambayar da ya yi ita ce, taya nawa mota ɗaya ke cinyewa kafin titin ya nuna, kuma ina ake kai tsofaffin.