Taƙaitawa: yadda adireshin fayil zai yi aiki a kowace kwamfuta

1. A tattaunawar da aka yi kan manhajar da ke kasa samun fayil idan aka kai ta wata kwamfuta, kowa ya yarda cewa matsalar tana tasowa ne idan manhaja ta adana cikakken adireshin fayil, domin a Windows yakan ɗauko sunan mai kwamfutar bayan C:\Users, wanda ba lallai ya dace da na wani ba.

2. Mafi yawa sun ce a fara rubuta adireshin daga foldar da aikin yake ciki. Wannan ya fi ƙarfi a ganina, sai dai ba ya aiki idan fayil ɗin yana wani faifai dabam.

3. A nan ra'ayi ya rabu: wasu sun zaɓi a fara adireshin da %USERPROFILE% a Windows da $HOME a Linux da macOS, wato sunayen da ke wakiltar foldar duk wanda ke amfani da kwamfutar, wasu kuma sun ce manhajar ta tambayi mutum inda fayil ɗin yake idan ta rasa shi.