Wai su waye Balushawa, kuma wane yare suke yi?

ɗan_kasuwar_Kara: Salamu alaikum jama'a. Na dawo daga Umara satin da ya wuce, akwai wani mai shagon dabino a Madina da munka saba, ana ce mai Albalushi, in yana waya da 'yan gidansu sai in ji yare daban, ba Larabci ba kuma yace ba Urdu ba ne. Don Allah mai sani shi yi muna bayani.

malamin_Danfodiyo: Wa alaikumus salam Alhaji, sannu da dawowa. Yaren Baluci ne kaj ji. Asalin mutanen suna lardin Balucistan na Fakistan, babban birninsu Kuwetta, sai kudu maso gabashin Iran wajen Zahidan da kudancin Afganistan, wato iyaka ta raba su ƙasa ukku kamar yadda ta raba mu da 'yan uwanmu na Ƙonni. Ba dangin Larabci ba ne ko kaɗan, ɗan uwan Farisanci da Kurdanci ne, ruwa su ce ap, uwa mat, ɗan uwa brat. Da haruffan Larabci suke rubutawa irin ajaminmu amma rubutun bai daɗe da yaɗuwa ba, tarihinsu a bakin mawaƙa ya zauna.

Gidan_Igwai_boy: ni na zauna Maskat shekara biyu ina tuƙi, wallahi Albalushi sun fi a ƙirga a Oman, soja da 'yan sanda da ofis ko'ina suna nan, da yawansu ma can aka haifi kakanninsu, kamar dai Hausawi na Saudiyya da sunan ke nuna asali ko da mutum bai taɓa taka ƙasar ba

malamin_Danfodiyo: Haka ne hwa. Ai garin Gwadar na bakin teku a Balucistan yana hannun sarkin Oman har 1958 sannan Fakistan ta saye shi, kuma sarakunan Oman sun ɗauke su soja har Zanzibar da Mombasa, zuriyarsu na can har yau. Kar dai a haɗa su da Birahuyi, maƙwabta ne kamar mu da Zabarmawa amma yarensu daban.

ɗan_kasuwar_Kara: Allah shi saka Malam. In na koma baɗi sai in ce mai brat in ga mi za shi ce.