Python ko Excel: da wanne za a fara koya wa ɗalibi lissafin hadarin kuɗi?

Malamin lissafi, Zariya:
Assalamu alaikum. Ni dai a ganina a daina ɓata zango guda a kan Excel, a ɗora ɗalibi kan Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, tun makon farko. Gwajin Monte Carlo (wato kwamfuta ta yi ta ƙirƙiro farashi na kacici-kacici don a ga asarar da ka iya faruwa) sau 10,000 bai wuce layi goma ba da NumPy, kayan lissafi na Python. A Excel kuwa kuskure kan ɓuya a akwati ɗaya ba mai ganinsa. A 2012 JPMorgan ya yi asarar fiye da dala biliyan 6, binciken bankin da kansa ya gano cewa a shafin lissafin VaR (ƙiyasin asarar da ba a sa ran za a wuce ta ba a cikin wani lokaci) an raba da jimilla maimakon matsakaici, sai hadarin ya fito ƙasa da yadda yake.

Ma'aikaciyar banki, Kaduna:
Wa alaikumus salam. Malam, wannan kuskuren ai a Python ma ana yin sa. Ɗalibi ya fara da hannu: jarin naira miliyan 100, farashi na tangal-tangal da kashi 1.5 a rana, a ninka da 2.33 (lambar da ake amfani da ita don tabbacin kashi 99), VaR na kashi 99 ya kama kusan miliyan 3.5. Na kwana goma a ƙara ninkawa da 3.16 (tushen murabba'in 10), miliyan 11 ke nan. Wanda bai taɓa bin wannan akwati-akwati ba, in Python ta ba shi miliyan 35 zai kwafa ya miƙa.

Mai binciken kasuwar canji, Kaduna:
Kun bar jaki kuna dukan taiki. Ku ɗauko farashin dala na gwamnati na kwanaki 250 kafin Yunin 2016. Yana maƙale a wajen naira 197, kusan ba motsi. Kowace manhaja za ta ce babu hadari. Da Babban Banki ya saki naira a watan, sai ta wuce 280. Haka aka sake yi a Yunin 2023. Lissafin daidai yake, bayanan da aka zuba masa ne ba su ɗauke da hadarin.

Malamin lissafi:
Shi ya sa ake gwajin baya, wato a gwada VaR da asarar da aka yi a zahiri. Ƙa'idar Basel ta sa ido kan bankuna: a cikin kwana 250, asara ta zarce VaR sau 4 ko ƙasa, kore ne, 5 zuwa 9 ruwan ɗorawa, 10 ko fiye ja.

Ma'aikaciyar banki:
Kore zai riƙa nunawa har jajibirin faɗuwar, Malam. A sa ɗalibi ya jera farashin gwamnati da na 'yan canji gefe da gefe, ya ga giɓin, sannan ya tambayi kansa nawa za a rasa in giɓin ya rufe rana ɗaya.

Malamin lissafi:
Na yarda da wannan aikin, Hajiya. Mako uku a Excel, ban ƙara ko kwana ba, sannan su sake shi da pandas na Python, amsoshin biyu su zo ɗaya.

Ma'aikaciyar banki:
Mako uku ya yi kaɗan. Shida.